Tsami Ma Ni'ima Ne

Daga cikin abubuwan da suka sauya a ƙasar nan ba tare da an yi shela ko an kafa doka ba, akwai ɗanɗanon bakin mutane. Domin kuwa duk wanda ya zauna a tasha ko a kasuwa a nan Jihar Katsina, daga Tafoki zuwa Sheme, daga Sheme zuwa Ƙanƙara ko Funtuwa, ya kuma kasa kunne ga cinikin fura, zai ji cewa tambayar da ake fara yi wa mai nono a yau ita ce ko tana da sukari, alhali kuwa iyayenmu abin da suke tambaya shi ne ko kindirmo ne ko tsala, ko na jiya ne ko na shekaranjiya, ko furar ta ji citta ko an yi mata rowar yaji. Wannan sauyi ƙarami ne a ido, har wani zai ce bai cancanci a ɓata masa tawada ba. Ni kuwa ra'ayina shi ne mun yi asarar wani ilimi, watau ilimin tsami da haɗi da sanin abin da ya dace da wane abinci, kuma asarar ta taɓa lafiyarmu da amanar kasuwarmu da arzikin matan da suke rayuwa a kan ƙwarya da faifai.

Abin da ya sa na ɗauki mas'alar da nauyi shi ne ganin yadda wata al'umma ta riƙi irin wannan ilimi a kan abin shan da shari'armu ta haramta. A yankin Bordo na ƙasar Faransa akwai farar giyar inabi da ake haɗawa daga iri biyu na inabi, ɗaya ana ce masa Sobinyon, ɗaya kuwa Semiyon. Na farko mai kaifin tsami ne da ƙamshi irin na ɗanyar ciyawa da lemun tsami, na biyu kuwa mai nauyi ne da laushi, wanda idan ya daɗe yakan ɗauki ƙamshi mai kama da na zuma. Sukan matse inabin su ware ɓawonsa tun kafin ruwan ya fara tsima. Sa'an nan su bar yis ya cinye sukarin da ke cikin ruwan har ya zama abin da ya rage, bisa ƙa'idar Tarayyar Turai, bai wuce giram 4 a lita guda ba, sai fa in tsamin ya yi yawa a ɗan ƙara masa iyaka, kuma irin wannan ne suke ƙidaya a matsayin marar zaƙi. Galibi kowane iri a tukunyarsa ake tsima shi, daga baya gwanin haɗi ya zauna yana ɗanɗanawa yana aunawa, har ya sami gwargwadon da kaifin wannan zai tashi nauyin wancan, nauyin wancan kuma ya rufe kaifin wannan. Bayan haka suka rubuta littattafai a kan cewa da kifi ake shan wannan giya da cukun awaki da abinci mai maiƙo kaɗan, kuma tun shekarar 1935 hukumarsu ta kafa tsarin da ya hana wani ya sa wa kwalbarsa sunan yankin da ba a can aka noma inabin ba.

Hukuncin wannan abin sha a wurinmu ba ya buƙatar doguwar muhawara, tun da Suratul Ma'ida ta yanke magana, kuma fuƙaha'u sun tabbatar cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko na inabi ne, ko burkutun dawa, ko bammi. Ya zo a hadisin Isra'i cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙwarya biyu, ɗaya ta nono ɗaya ta giya, ya zaɓi nono, Mala'ika Jibrilu ya yi masa bushara da cewa ya dace da fiɗira. Har ma duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san an yi hani ga jiƙa abu biyu tare, kamar dabino da zabibi, kuma illar da malamai suka ambata ita ce irin wannan haɗi yakan yi saurin juyewa ya zama mai sa maye tun mai shi bai farga ba. Ke nan magabata sun lura da tsimi da haɗi lura ta masu bincike, sun san inda iyaka take. Abin da nake so mu ara daga mutanen Bordo, saboda haka, shi ne himmar kula da ɗanɗano kaɗai. Kwalbar kuwa su riƙe abarsu. Idan masu abin da aka haramta sun ba shi wannan hidima, to mu da aka zaɓa mana nono, wane uzuri ne gare mu da za mu bar shi hannun sakaci?

Mu duba yadda namu haɗin yake, domin a gane cewa sana'a ce mai rassa. Bafulatana takan tatsi madara da safe, ta tace, ta zuba a ƙwaryar da ta saba, ta rufe da faifai, ta ajiye a inuwar ɗaki. Cikin dare wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan cinye sukarin da Allah Ya halitta a cikin madarar su mai da shi tsami, tsamin nan kuwa shi ke sa ta yi kauri ta kama jikinta. Bafaranshe Louis Pasteur ne ya bayyana wannan sirri a rubuce a shekarar 1857, kuma bambancin da ke tsakanin wannan aiki da na giya shi ne ƙwayoyin nono tsami suke haifarwa, yis kuwa barasa yake haifarwa. Tushen aikin ɗaya, sakamakon ya rabu, hukuncin ma ya rabu. In aka bar nonon da mansa, shi ne kindirmo, mai kauri da gardi da sanyin tsami. In aka kaɗa shi aka kwashe man shanu, abin da ya rage shi ne tsala, mai kaifi da sauƙi a ciki. Nonon kwana ɗaya dabam, na kwana biyu dabam. Na lokacin hunturu yakan yi jinkirin kamawa, na bazara kuwa kafin azahar ya wuce gona da iri. Na damina, lokacin da ciyawa ta yalwata, yakan cika kasuwa, na rani kuwa sai an yi sammako. Mace gwana takan haɗa kindirmo da tsala a ƙwarya guda bisa gwargwadon da ta san mai sayenta yana so, kuma wannan shi ne ainihin abin da gwanin Bordo yake yi da inabinsa biyu, illa dai ita ba a rubuta mata littafi ba.

Fura ma haka take. Gero ake surfawa, a bakace, a wanke, a shanya ya sha iska, a daka shi tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, wasu su ƙara kimba. A yayyafa ruwa a dunƙula, a jefa cikin tafasasshen ruwa har ta dahu ciki da waje, a juye a turmi a kirɓa har ta yi danƙo, sa'an nan a mulmula a barbaɗe ta da gari don kada ta manne. A kowane mataki akwai wurin kuskure: in surfe bai yi ba sai ta yi dusa-dusa a maƙogwaro, in wanki bai yi ba sai a tauna tsakuwa, in dahuwa ba ta kai ba sai ta yi gari a baki ta kuma kumbura ciki, in kanumfari ya yi yawa sai ya danne sauran ƙamshi ya bar ɗaci. Furar maiwa ba ta zama ɗaya da ta gero ba, balle wadda aka cuɗa da dawa ko masara saboda tsadar gero, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Faskari da Sabuwa da Ɗandume, inda masara ta mamaye gonaki.

Idan aka zo damu, a nan mizani yake bayyana. Gero yana kawo gardi da nauyi, nono yana kawo tsami da maiƙo, citta da masoro suna kawo zafin da ke tashi a bayan harshe, ruwan randa yana kawo sanyi da sassauci. Kuma akwai wani ɗan zaƙi ɓoyayye na dafaffen gero da na madarar kanta, wanda ba ya fitowa sai an bar fura ta ɗan zauna a baki. Duk wanda ya zuba cokali huɗu na sukari a kan wannan, to, ya rufe muryoyi huɗu da murya ɗaya, ya kuma mai da aikin mata biyu, mai daka da mai tatsa, ya zama ruwan zaƙi kawai.

Sanin abin da ya dace da wane abinci kuwa, kakanninmu sun riga sun gama shi, ko da yake ba su kira shi ilimi ba. Ba banza aka haɗa koko da ƙosai ba, ko kunun tsamiya da ƙosai a lokacin buɗa baki, domin abin da aka soya a mai yakan lulluɓe harshe, tsami kuwa yana wanke shi ya sa loma ta biyu ta yi daɗin ta farko. Abin sha'awa ma, irin tsamin da ya fi yawa a cikin tsamiya shi ne irin wanda ya fi yawa a cikin inabi, ke nan bishiyar da ke bakin kowace kasuwa tamu tana ba mu halal ɗin abin da Turawa suke nema a kwalba. Wanda ya ci tsire ko balangu ko kilishi ya bi da fura mai nono, ya yi daidai, saboda sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, shi ya sa kurɓi ɗaya na kindirmo ya fi kofin ruwa kashe raɗaɗin yaji. Dambu yana son nono mai kauri, ɗumamen tuwo yana son kunu mai tsami, manomin da rana ta buga a tsakiyar gona kuwa ba abin da yake so kamar farau-farau, wanda ba ya nauyaya ciki kuma ba ya ƙara ƙishirwa. Uwargida ma ta san kishiyar wannan ƙa'ida, tun da in yakuwa ta yi tsami a miya takan jefa ɗan kanwa ta karya shi, ba ta neman sukari. Kuma tsohon al'amari ne a ƙasashen baƙar fata: matafiyin nan Ibn Batuta, da ya isa Walata a shekarar 1352, liyafar da aka yi masa ita ce dakakken gero da nono da ɗan zuma a cikin ƙwarya, ya raina ta, alhali mutanen garin suna ganin sun girmama shi.

Za a ce mini, ai zaƙi ba laifi ba ne, tun da ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son zuma da kayan zaƙi. Kuma lebura mai aikin ƙarfi yana buƙatar abin da zai tashe shi. Kuma mai talla ba ta da zaɓi sai ta sayar da abin da ake nema. Duk wannan gaskiya ne, ban kuwa ce a haramta abin da Allah Ya halatta ba. Amma ya tabbata kuma cewa ya yabi khal, watau ruwan tsami, a matsayin mahaɗin abinci, ke nan sunna ba ta fifita harshe guda ba. Sa'an nan zaƙin mutanen da, na zuma ne da rake da mazarƙwaila da dabino, abubuwan da ake samu jefi-jefi, a sha a yi godiya; farin sukari mai araha da ake awo a kowane kanti bai daɗe da zama abincin kullum a karkara ba. Abin da nake suka shi ne israfi, da kuma mai da zaƙi ya zama asali har yaro ya tashi bai taɓa sanin ɗanɗanon fura ita kaɗai ba.

Babbar hujjata ma ba ta ɗanɗano ba ce, ta amana ce. Sukari mayafi ne da algus yake ɓuya a ƙarƙashinsa. Nonon da aka tsinka da ruwa aka sake kaurara shi da garin kuka ko sitaci, da wanda aka haɗa da madarar gari aka sayar da sunan na shanu, da wanda ya kwana uku ya fara wari, da furar jiya da aka sake mulmulawa, duk harshe yana gane su nan take in babu sukari. In kuwa an zuba sukari da ƙanƙara, aka kaɗa a inji tare da ayaba da kwakwa kamar yadda ake yi a shagunan birane yanzu, to mai kyau da marar kyau sun zama ɗaya. Idan mai saye ya daina bambancewa, ya daina biyan bambanci. Idan ya daina biyan bambanci, macen da ta kawo tsantsar kindirmo daga ruga ta yi tafiyar banza, domin maƙwabciyarta da ta ninka nata da ruwa ta fi ta riba. Da haka kasuwa take koya wa mai gaskiya ha'inci. Mun sha jin ƙissar yarinyar nan ta Madina da ta ƙi bin umarnin uwarta na zuba ruwa a nono, tana cewa in Halifa Umar bai gani ba Ubangijin Umar Yana gani, har Umar ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga zuriyarta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Muna son ƙissar a wa'azi, amma a kasuwa mun ƙi biyan irin wannan yarinya haƙƙin gaskiyarta.

Ta fuskar lafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a yini, watau kimanin giram 50 ga baligi, wajen ƙaramin cokali 12, kuma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana iya cike wannan adadi. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma babu harajin da zai shiga tsakanin mutum da ƙwaryarsa. Wanda ya sha shayi mai sukari da safe, kunun zaƙi da hantsi, fura mai sukari da azahar, zoɓo mai sukari da la'asar, ya ninka haddin tun kafin magariba, kuma ciwon sukari ba ya tambayar ko daga kwalba zaƙin ya fito ko daga ludayi. Adalci kuma ya sa in faɗi aibin da ke namu ɓangaren: ɗanyar madara tana iya ɗaukar tarin fuka da cutar bakkale daga saniya zuwa mutum, tsami kuwa ba ya isa ya zama garkuwa. Maganin wannan sananne ne, a tafasa madara, a bar ta ta huce, a zuba mata ɗan tsohon nono mai kyau ya zama iri; kindirmon da aka yi haka yana kamawa sarai, kuma ya fi aminci.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a Tafoki a tsallake abin da kowa ya sani ba, watau cewa nonon kansa ya yi wuya. Shekarun satar shanu da garkuwa da mutane a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun watsa rugage, sun hana manoma gonakin nesa, sun sa mace ta ji tsoron ɗaukar ƙwarya ta bi hanyar da uwarta ta bi shekara da shekaru. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya fiye da 300, kuma a 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya na wani lokaci, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da waɗannan uku. A irin wannan hali madarar gari ta shigo ta cike gurbi, kuma ba na zargin uwar marayun da ta dama ta don ta ciyar da 'ya'yanta. Amma ya kamata mu tuna cewa fura da nono ita ce mu'amala mafi tsufa tsakanin manomi da makiyayi a ƙasar nan: wannan ya kawo gero, wancan ya kawo nono, shanu su ci kara da harawa bayan girbi su bar taki a gona. Kowace ƙwaryar nonon shanu da aka saya da daraja a kasuwar Sheme ko ta Faskari dalili ne ga wani gida na makiyaya masu zaman lafiya ya ci gaba da zama kusa da gari, kuma maslahar da ke cikin wannan ta fi ƙarfin a raina ta.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfin talaka a ciki. Masu sayar da fura, a kasuwa ko a shago, su dama ta ba sukari, su ajiye sukarin a gefe, wanda yake so ya zuba da hannunsa bayan ya ɗanɗana. Wadda ta haɗa nononta da madarar gari ta faɗa, ta sayar da shi a kan farashinsa, domin bayyana aibin haja wajibi ne a fiƙihun ciniki, kuma limamai da sarakunan kasuwa suna da ikon tunatarwa a kan haka. Masu hali, musamman ma'aikata da 'yan kasuwar da suke sayen yogot na roba ba tare da taya ba, su daina yi wa Bafulatana ƙwauron naira hamsin a kan kindirmo tsantsa. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya da malaman gona na jiha su kai wa matan rugage da na ƙauyuka horon tafasa madara da tsabtar ƙwarya, a harshen da suke ji, ba a takarda ba. Iyaye mata kuma su bar yaro ya saba da kunun tsamiya da fura yadda suke, tun harshensa bai kangare ba, gama abin da aka saba da shi a ƙuruciya shi ake nema a girma.

Mutanen Bordo sun ɗaukaka abin shansu ne da abu uku, sanin asalinsa, da faɗin gaskiya a kan abin da ke cikinsa, da yarda a biya gwani fiye da wanda ba gwani ba. Kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya saɓa wa addininmu, hasali ma addininmu ne ya fi kowa umarni da su. In muka yi wa halal ɗinmu wannan hidima, ranar da zaman lafiya ya dawo, da yardar Allah, za a tarar akwai sauran masu iya damu da masu iya bambance kindirmo da ruwan sitaci. In kuwa muka bari sukari ya gama da harshen 'ya'yanmu, to ko shanu sun dawo sun cika dajin, ba za a sami mai sayen nononsu da darajarsa ba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa mu gode wa ni'imarSa ta hanyar saninta.